Wakilin da Ya Durƙusa

A shekara ta goma sha tara ta sarautar Bagudu ɗan Cindo, Birnin Dargaza yana da tambura goma sha biyu, kuma tun kafuwarsa bai taɓa kai wa wani sarki gaisuwar biyayya ba. Ba yawan dakaru ne ya tsare shi ba, don maƙwabcinsa Birnin Kirya ya ninka shi uku a dawaki. Abu biyu ne suka tsare shi. Na farko alkawarin da ke tsakaninsa da Sarkin Gangare, cewa duk wanda ya taɓa ɗayansu ya taɓa ɗan'uwansa. Na biyu kuwa bakin wani tsoho mai suna Tunau, wanda ake kira Uban Manzanni.

Tunau ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sandar manzanci, wata gora ce naɗe da jar fata wadda gumin hannunsa ya mai da ita baƙa. Gajere ne, ba shi da fara'a, kuma Allah ya ɗora masa ƙin fadanci, abin da ya sa bai taɓa yin aboki a fada ba. Sarakuna bakwai ya tsaya a gabansu da saƙon Dargaza, babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarin kalma ɗaya ko ragin ɗaya. In ya dubi fadawan Sarki Bagudu suna rububin yi wa sarki sannu don ya yi atishawa, sai ya kau da kai ya tofar da yawu, su kuma su ce tsufa ne ke damunsa.

A ranin shekarar nan makiyayan Kirya suka koro shanu cikin Fadamar Lalle, wadda Dargaza ke noma tun kaka da kakanni. Aka yi faɗa, mutum biyu suka mutu. Sarki Barmo na Kirya ya aiko cewa ba ya son jini, a turo wanda za a zauna da shi a daidaita. Sarki Bagudu ya tara majalisa da hantsi, kowa ya ɗauka Tunau za a ce ya ɗaura sirdi kamar yadda aka saba.

Sai Galadima ya gyara zama. Galadiman nan surukin Ciroma ne, shi kuwa Ciroma Zangina shi ne babban ɗan sarki, mutum mai shekara ashirin da bakwai wanda ke sauya riga sau uku a yini, bai taɓa kwana a daji ba, amma maroƙa sun riga sun ba shi kirarin mazan da suka ci garuruwa. Galadima ya ce lokaci ya yi da duniya za ta ga magajin Dargaza, a tura Ciroma. Ya ƙara da cewa manzo suna ne na ƙananan mutane, bai dace da ɗan sarki ba, a tura shi da sunan wakili, a sa masa zobe da alkyabbar sarauta. Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya da gaskiya ne, gaskiya ne, har da waɗanda ba su ji abin da aka faɗa ba.

Tunau ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce:

"Allah ya ja zamanin sarki. Sunayen nan ba ado ba ne da za a zaɓi wanda ya fi sheƙi. Kowanne da nauyin da yake ɗauka. Manzo baki ne kawai. Tsakanin sarki da sarki yake tafiya, ya faɗi abin da aka ba shi, ya ɗauko amsa. In ya durƙusa gwiwarsa ce ta durƙusa, in an ba shi riga tukwicinsa ne, ƙasa ba ta ci ba ta sha ba. Jakada kuwa daga sama yake saukowa ƙasa. Ubangida ne ke aje shi a garin baransa ya zauna, ya zama idonsa da kunnensa, shi ya sa ba a taɓa gina gidan jakada a Dargaza ba. Wanda ke ƙarƙashin wani ba shi da manzo, ɗan aike yake turawa a ƙasa, ya bi ta hannun bafaden da aka ba shi a fadar ubangidansa, shi ne ake kira ƙofa. Amma wakili, ranka ya daɗe, wakili kai ne. Jikinsa jikinka ne. In ya zauna ka zauna, in ya yarda ka yarda, in gwiwarsa ta taɓa ƙasa a gaban wani sarki, Dargaza ce ta durƙusa da tamburanta. Mahaifinka sau ɗaya ya taɓa tura wakili, shi ma bai ci abinci ba sai da ya ga dawowarsa. A tura Ciroma manzo, in ba shi sandata da hannuna."

Ciroma ya sha kunu, ya ce shi ba zai riƙe gorar da ke warin gumi ba. Aka yi dariya. Sarki Bagudu, wanda ba mugu ba ne amma bai taɓa iya ce wa ɗan nan a'a ba, ya murmusa ya ce Tunau ya cika tsoro, ya bi Ciroma ya riƙa yi masa tuni. Tunau ya ce inda wakili yake manzo ba shi da baki, don ba a jin murya biyu daga sarki ɗaya. Sarki ya ce to ya yi masa tunin a hanya. Nan aka zare zobe daga yatsan sarki, aka ɗauko tsohuwar alkyabbar Cindo, baƙa mai shuni wadda ta koɗe a kafaɗa, aka yafa wa Zangina.

Ranar tashi aka buga tambura don sallamar wakili. A bugu na uku fatar babban tambari ta tsage daga baki zuwa baki. Madaki, shugaban mayaƙa, ya dubi Tunau, Tunau ya dube shi. Galadima kuwa ya yi farat ya ce fatar ce ta kasa ɗaukar girman Ciroma, fadawa suka sake amsawa da gaskiya ne.

Kwana biyar suka yi a hanya, kullum Tunau yana maimaita abu uku. Kada Ciroma ya cire takalmi a fadar Kirya. Kada gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Kada ya bari a sa masa tufa a jikinsa, ko me aka ba shi bara ya karɓa a hannu. Ciroma yana taunar goro yana gyaɗa kai, rabin hankalinsa na kan inuwarsa a bisa doki. A rana ta huɗu ya ce, "Baba Tunau, na ji. Ko ka ɗauke ni yaro ne?"

Wazirin Kirya, Mayau, shi ya fito tarye. Shi da Tunau sun daɗe da sanin juna, sun shekara ashirin suna gwada wayo, kowa ya san ɗan'uwansa ba kanwar lasa ba ne. Mayau ya fara duban sandar Tunau, sannan idonsa ya sauka kan zoben da ke yatsan Zangina da alkyabbar da ke kafaɗarsa. Tunau ya ga yadda fuskarsa ta washe, ya san sun shigo hannu.

Kwana uku ana ciyar da Ciroma naman rago da zuma, maroƙan Kirya suna zuga shi daga safe har la'asar, shi kuwa yana ta hura hanci. Mayau bai taɓa zancen fadama ba. Sai dai kullum in ya zo gaisuwa ya kan shafa gefen alkyabbar Cindo, ya yi ajiyar zuciya, ya ce tufafin mutanen da akwai ƙarko, ya tambaya ko masaƙan Dargaza sun ƙaura ne. A rana ta uku Tunau ya tarar da Ciroma yana juya alkyabbar kakansa don ya ɓoye inda ta koɗe.

Aka kira su fada da hantsin rana ta huɗu. Zauren ya cika, kuma a gefen dama Tunau ya hango manzannin ƙasashe huɗu a zaune, cikinsu har da na Gangare. Nan ya san akwai wata a ƙasa, don ba a tara shaidu haka a kan maganar shanu. Aka zaunar da shi can baya, inda al'ada ta aje manzo in wakili yana nan.

Da farko abin ya tafi daidai. Ciroma ya shiga da takalmansa, ya zauna a kan shimfiɗa daidai da ta Sarki Barmo. Barmo, wani ƙaton tsoho mai sanyin murya, ya ce fadama ta Dargaza ce, makiyayansa ne suka yi kuskure, kuma zai hukunta su. Ba a yi gardama ko ta kalma ɗaya ba. Daga nan ya ce ba zai bari baƙo irin wannan ya koma hannu rabbana ba, ya tafa, bayi biyu suka shigo ɗauke da alkyabba ta koren karammiski mai aikin zinariya, da farin rawani a kanta.

Tunau ya yi tari. Ya sake yin tari. Barmo ya karɓi alkyabbar da hannunsa, bai miƙe ba, ya buɗe ta yana zaune, ya riƙe ta ƙasa-ƙasa daidai gwiwarsa, yadda babu mai shiga cikinta sai ya rusuna. Tunau ya buga gindin sandarsa a ƙasa, abin da bai taɓa yi a fadar kowa ba, har dogarai suka waiwayo. Zangina ko gezau. Idonsa na kan zinariyar nan. Ya zame alkyabbar Cindo daga kafaɗarsa ta faɗi a turɓaya, ya tako ya zo, ya durƙusa da gwiwa biyu. Barmo ya yafa masa, ya naɗa masa rawanin da kansa a hankali, ba gaggawa. Don murna, Zangina ya ɗebi ƙasa ya shafa a goshi, yadda ya saba yi wa mahaifinsa in ya ba shi doki.

Mayau ya juya wajen manzannin nan huɗu, ya ce, "Kun gani?"

Manzon Gangare ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mun gani."

Tunau ya taso ya ratsa mutane, ya tsinci alkyabbar Cindo daga ƙasa, ya kakkaɓe ta. Akwai sawun takalmi a bayanta, kuma na Zangina ne. Da a ce da takobi aka ci Dargaza, da Tunau ya yi kuka ya haƙura. Amma a ce ƙasar da kakanni suka tsare da jininsu an saye ta da ƙyalle ɗaya mai sheƙi, wannan ko kukan ma bai cancanta ba, ƙyama kawai ya ji, ta yaron, ta uban da ya turo shi, da ta kansa da ya rako shi. A bakin zaure Mayau ya matso kusa da shi ya ce a hankali da shi Tunau aka turo, da sun sha gumi. Tunau ya ce da shi aka turo da yanzu shanun Kirya suna neman wani wurin kiwo, amma yanzu kam fadamar bara ai ta ubangidansa ce.

Ciroma ya shiga Dargaza cikin koren karammiski, ana busa ana kiɗa, yana gaya wa kowa ya karɓo fadama ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Galadima ya rungume shi. A majalisa Tunau ya shimfiɗa alkyabbar Cindo a gaban sarki, ya faɗi abin da ya faru daki-daki, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ce saura magani ɗaya, shi ma sai an yi shi cikin kwana bakwai. Maganin shi ne sarki ya kira manzannin maƙwabta, ya tuɓe Zangina a gabansu, ya zare zoben, ya rantse cewa ɗan nan ya wuce abin da aka aike shi, ya cire shi daga sarautar Ciroma, a mayar wa Barmo da alkyabbarsa. In an yi haka durƙuson ya zama na Zangina shi kaɗai.

Madaki ya ce a yi haka yau, kada a kai gobe. Galadima ya ce hassada ce ta tsohon da aka ƙwace wa tafiya. Zangina ya fashe da kuka, ƙato da gemunsa, yana cewa an tsane shi ne don ya yi abin da wasu suka kasa. Sarki Bagudu ya dubi ɗansa, ya dubi alkyabbar ubansa, ya ce riga ai riga ce, a bar maganar. Kwana bakwai suka wuce ana shagalin fadama.

A rana ta goma masu tsaron Ƙofar Gabas suka aiko wa Tunau cewa ga baƙo daga Kirya. Ya je ya tarar da wani bawan Sarki Barmo mai suna Nomau zaune a kan jaki. Ba sanda a hannunsa. A bayansa ga matansa biyu, ga tukwane, ga turmi da taɓarya, har da kaji a cikin akurki. Tunau bai buƙaci tambaya ba, don manzo ba ya tafiya da turmi. Nomau ya yi hamma, ya ce shi ne jakadan Sarki Barmo a Dargaza, a nuna masa gidansa.

A ranar ce Sarki Bagudu ya fahimci abin da aka gaya masa tun farko. Ya fusata, ya sa Madaki ya kori jakadan da bulala, ya tura Tunau Gangare neman gudummawa. Tunau ya yi tafiyar kwana uku a kwana biyu. Sarkin Gangare ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce:

"Uban Manzanni, na yi alkawari da sarki mai tamburansa. Manzona ya ga Bagudu ya durƙusa an naɗa masa rawani, ya jira kwana bakwai bai ji an warware ba. Abin da ke tsakanin Kirya da Dargaza yanzu ba yaƙin sarki da sarki ba ne, ubangida ne zai hori baransa. Ni ba na shiga wannan."

Tunau ya yi sallama ya juyo gida, don da shi aka tambaya haka zai yanke.

A Fadamar Lalle aka gamu, bayan ruwan farko. Madaki ya jera maharba a cikin ciyawar jema, ya aje dawaki a bayan tudu, ya ba Ciroma ɓangaren hagu don Galadima ya nace. Har rana ta take tsaka mutanen Dargaza suna riƙe da wurinsu, sau biyu suna mai da dawakin Kirya baya, laka ta koma ja. Sai masu lifidin Kirya suka karkato hagu. Zangina, wanda ya fito yaƙi cikin koren karammiskin nan don a gane shi, ya ga tsinin masu ya doso shi, ya yar da takobi, ya zaburi doki. Ba gida ya nufa ba. Sansanin Barmo ya nufa, yana ɗaga gefen alkyabbar yana ihun a dubi tufar da ke jikinsa. Ɓangaren hagu ya watse. Aka zagaye Madaki a gindin wata giginya, ya yi ta sara har hannunsa ya daina ɗaguwa, a nan ya mutu da mutum ɗari uku.

Barmo bai ƙone Dargaza ba, mutum ba ya ƙone rumbunsa. Ya bar Bagudu a kan gadonsa. Tamburan nan goma sha biyu kawai ya sa aka ɗora wa takarkarai, har da mai tsagaggiyar fata, aka fita da su ta Ƙofar Gabas mutanen gari suna kallo. Ta ƙofar nan Nomau ya sake shigowa da turminsa, tabon bulala na nan a wuyansa. Da yake babu gidan jakada a birnin, sai aka share masa zauren manzanni, inda Tunau ya shekara talatin da ɗaya yana saukar da baƙin sarakuna. Galadima ne ya fara kai masa tuwo.

Bayan kwana biyu Sarki Bagudu ya kira majalisa. Ya rame, rawaninsa ya karkace, Nomau na zaune a damansa yana sakace haƙori. An kama mutanen Dargaza ɗari da sittin a fadama, matansu sun cika ƙofar fada da kuka. Sarki ya ce, "Tunau, ɗauki sandarka. Je ka wurin Barmo, ka ce ɗan'uwansa Bagudu yana roƙon a sako masa mutanensa."

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce:

"Allah ya ba ka haƙuri. Ba ka da manzo yanzu. Manzo tsakanin sarki da sarki yake tafiya. Zan je, don matan da ke waje, amma ɗan aike zan je, a ƙasa, ba doki ba sanda. Ba kuma zan ga Barmo ba, sai dai in durƙusa a gaban ƙofar da aka ba mu, in ya ga dama ya shigar da maganarka."

 Sarki ya juya wajen Nomau, da muryar da ba a taɓa jinsa da ita ba, ya tambaya wane ne aka ba Dargaza ya zama ƙofarta a fadar Kirya.

Nomau ya tofar da abin da ya sakato, ya ce, "Ai ɗanka ne, Zangina. Sarki Barmo ya ce shi ya fi kowa sanin yadda ake durƙuso."

Babu wanda ya ce gaskiya ne, don ba su riga sun san ko jakada yana son a ce ba. Tunau ya miƙe. Ya aje gorar nan mai baƙar fata a gaban sarki, kusa da inda ya shimfiɗa alkyabbar Cindo kwanakin baya, ya kwance takalmansa ya bar su a nan, ya fita ƙafa ba komai, matan da ke ƙofa suna buɗa masa hanya.

Sandar ta yini a inda ya aje ta. Da aka tashi majalisa fadawa suka yi ta tsallake ta ɗaya bayan ɗaya, kowa na sauri ya riga ɗan'uwansa riƙe wa jakada linzamin jaki.